Tsohuwar Mota da Wayoyinta: A Ci Gaba da Faci ko a Sake Sabo?

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma duk wanda ya taɓa riƙe sitiyarin Fijo 504 ko Marsandi irin ta da, ba zai yi jayayya da wannan magana ba. Motoci ne da aka ƙera domin su jure, suka kuwa jure. Sai dai akwai sashe guda a jikinsu wanda tsufa ba ya ƙara masa albarka, shi ne wayarin, wato tarin wayoyin da ke kai wuta daga batir zuwa fitilu da ham da sigina da sauran abubuwan da ke aiki da lantarki. A 'yan shekarun nan na lura wasu daga cikin 'yan bokonmu, likitoci da lauyoyi da abokan aikina na jami'a, sun fara waiwayar motocin da iyayensu suka bari a gindin darbejiya, suna kashe kuɗi domin tayar da su. Tambayar da ke jiran kowannensu a gareji ita ce: a ci gaba da yi wa tsohon wayarin faci ne, ko a zare shi ɗungurungum a sa sabo? Ina ganin tambaya ce da ta cancanci fili a wannan shafi, domin amsarta ta shafi dukiya, ta shafi tarihi, ta kuma shafi rayukan waɗanda za a ɗauka a cikin motar.

Bari mu fara da sanin shekarun abin da muke magana a kai. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a shekarar 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, sannan ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekara ta 1975 ne masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma an ci gaba da harhaɗa 504 a can har zuwa tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a ƙasar da ta haife ta. Ke nan 'yan farin Kaduna sun kai shekara 50, 'yan autan kuwa suna wajen shekara 20. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, tana ɗaukar motar da ta kai shekara 30 a matsayin motar tarihi, muddin an adana ta bisa kamanninta na asali. Da wannan ma'auni, motoci da dama da ke kwance a gidajen Kano da Zariya da Katsina da Jos kayan tarihi ne, ko da masu su ba su sani ba.

To me ke tsufa a jikin waya? Abu biyu ne suka haɗu suka yi ta: siraran zaren jan ƙarfe a ciki, da rigar roba a waje. Robar da aka yi wa motocin wancan zamani riga da ita, wadda ake kira PVC, taurinta ya fi laushinta a asali, sai an gauraya ta da wani sinadari mai kama da mai kafin ta yi laushi. Zafi da daɗewa suna fitar da wannan sinadari sannu a hankali, har robar ta bushe, ta yi tauri, ta fara tsagewa da an lanƙwasa ta. Shi kuwa jan ƙarfe, da zarar danshi ko tururin ruwan batir ya samu hanyar shiga, sai ya yi kore ko baƙi, ya daina barin wuta ta ratsa shi cikin sauƙi. Kamar yadda aka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanayin ƙasarmu kuma ba ya yi wa waya sassauci. A Sakkwato da Maiduguri da Nguru zafin bazara yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet inda injin ke huci. Ƙurar hunturu tana shiga kowace mahaɗa, damina ta zo ta jiƙa ta, ta zama laka mai cin ƙarfe. Gargadar hanya tana sa waya ta yi ta gogar gefen ƙarfe har ta ci rigarta. Idan kuma motar ta shekara goma a ajiye, to ɓeraye sun riga sun yi nasu aikin a bayan dashbod. Saboda haka shawarar da za a ba mai tsohuwar mota a Faransa ko Jamus ba lallai ta yi daidai da tamu ba.

Lalacewar wayarin iri biyu ce, kuma ya kamata mai karatu ya bambance su, domin a kan wannan bambanci hukuncin ya rataya. Ta farko ita ce ƙuntatar hanya. Wutar mota bolt 12 ce kacal, ba ta da rarar da za a yi asara. Idan mahaɗa ta yi tsatsa, wani kaso na wutar yana zama zafi a wurin maimakon ya isa inda aka aike shi. Ƙwan fitila irin na da, idan ya rasa kashi 10 cikin 100 na ƙarfin wutarsa, yakan rasa kusan kashi 30 na haskensa. Wannan shi ne asirin jajayen fitilun nan masu kama da aci-balbal da muke karo da su da daddare a hanyar Kano zuwa Zariya. Ta biyu kuwa ita ce haɗuwar waya, wato wayar da ke ɗauke da wuta ta fita tsirara ta taɓa jikin mota. Jikin motar shi ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir, batir kuwa yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a lokaci guda. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan wayar za ta yi ja, ta narkar da maƙwabtanta, kuma a motar da ke aiki da kafireto fetur ba ya nisa da wurin. Ta farko tana jawo ɓacin rai da ɓata lokaci. Ta biyu tana iya cinye mota da abin da ke cikinta.

Mai gadin da aka ɗora wa hana wannan masifa shi ne fiyus, kuma babu abin da muka wulaƙanta a mota kamarsa. Aikin fiyus shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone. Idan ya tsinke, saƙo yake isarwa cewa akwai ɓaraka a wani wuri. Mu kuwa me muke yi? Sai a murɗa zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari a cusa a gurbinsa, a ce an gyara. An rufe bakin mai shela ke nan, gobarar kuwa tana nan tafe. A ƙara da kayan da muka yi ta ɗora wa motocin tsawon shekaru: rediyo mai manyan lasifikoki, na'urar sanyaya mota da aka dasa daga baya, ham na babbar mota, da ƙwayayen fitila masu ƙarfi. Alal misali, ƙwai biyu masu wat 55 suna jan wajen amfiya 9. Idan aka musanya su da masu wat 100, sai jan ya kai wajen amfiya 17, zafin da wayar ke sha kuma ya ninka fiye da sau uku, alhali kaurinta yana nan yadda aka yi shi shekaru 40 da suka wuce.

A nan zan roƙi mai karatu ya yi mini uzuri in shigo da sana'ata, domin nazarin harshe na karanta, shi nake koyarwa. Wayarin mota rubutu ne, yana da ƙa'idojinsa, kuma kowace ƙasa da yarenta. Jamusawa suna da tsarin lambobi da suka amince da shi: 30 wuta ce kai tsaye daga batir, 15 wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli, 31 hanyar komawa jikin mota, 50 kuma ta tayar da injin. A motar Jamus waya mai ruwan ƙasa ita ce ta komawa jiki, ba ta da haɗari. A tsohuwar motar Ingila kuwa, irin su Land Rover, waya mai ruwan ƙasa ita ce ke ɗauke da wutar batir kai tsaye, baƙa ce ta komawa jiki. Kalma ɗaya ce, ma'ana biyu masu karo da juna, kamar yadda kan faru tsakanin harsuna biyu. Ita kuwa Fijo ta fi dogara da lambobin da aka sa wa wayoyi. Duk wanda ya iya karatun, ya riƙe taswirar wayarin a hannu, zai iya bin waya daga tushe har ƙarshe ba tare da ya yanke komai ba.

Yanzu a dubi motar da ta ratsa hannun masu gyara goma sha. Wannan ya yanke ja ya ɗaura shuɗiya, wancan ya tsallake makunni ya ja wuta daga inda ya ga dama, na bayansa ya naɗe komai da baƙin salatif, wanda zafi ke narkar da danƙonsa ya warware. Kowa ya magance matsalar ranar, babu wanda ya bar wa na bayansa bayani. Ƙarshenta sai motar ta zama kamar littafin da marubuta da yawa suka yi ta kwafa, kowa yana ƙara kuskurensa, har asalin ya ɓace. Irin wannan wayarin, ko da robarsa na da sauran laushi, ya riga ya mutu, domin babu mai iya karanta shi. Duk gyaran da za a yi masa lalube ne a cikin duhu.

Duk da haka, adalci ne a saurari masu cewa a gyara, domin hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Da farko, akasarin matsalolin lantarkin tsohuwar mota a bakunan wayoyi suke, a mahaɗai, da akwatin fiyus, da wuraren da aka ɗaure waya a jikin mota. Tsakiyar damin, wanda ke naɗe ba ya ganin rana ba ya shan mai, sau da yawa lafiyarsa lau. Wankin mahaɗai da sake bakunan da suka ci, aikin yini guda, yana iya dawo da hasken fitila da ƙarar ham. Na biyu, sabo ba kullum yake nufin nagari ba. A kasuwanninmu akwai wayar da aka yi da alminiyam aka shafe ta da jan ƙarfe, alminiyam kuwa wajen kashi 60 cikin 100 kawai yake iya ɗauka na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, ga saurin karyewa. Wanda ya cire jan ƙarfen asali ya sa wannan, ya sayar da doki ya sayi jaki. Na uku, zare wayarin yana buƙatar kwance dashbod da robobin da suka shekara 40 suna shan rana, waɗanda idan suka fashe samun madadinsu a Ƙofar Ruwa ko Panteka sai an sha yawo. Kada garin neman gira a rasa ido.

Akwai kuma masu kishin asali, waɗanda ke cewa motar tarihi darajarta ita ce a bar ta yadda ta fito daga masana'anta. Ina girmama wannan ra'ayi, amma ina ganin maginan gargajiyarmu sun riga sun ba da amsa. Gidan ƙasa ana yi masa yaɓe duk shekara, wannan gyara ne. Amma ranar da gara ta cinye azara, babu maginin kirki da zai shafe wurin da laka ya ce a kwana a ƙarƙashi; sauke rufin ake yi a sa sabuwar azara, kuma ba wanda zai ce gidan ya daina zama gidan kakanni. Ita kanta FIVA, a cikin Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013, ba ta haramta sake kayan da suka mutu ba. Abin da ta nema shi ne a mutunta tsarin asali, a rubuta duk abin da aka canza, kuma gwargwadon hali a yi canjin ta yadda za a iya mayar da shi. Motar da ta ƙone ƙurmus ba ta da asalin da za a adana.

Ra'ayina dai shi ne, kada son zuciya ko ƙarfin aljihu su yanke hukuncin, a bar wayar ta faɗi halinta da bakinta. Gwaji huɗu sun isa, kuma mai mota zai iya tsayawa a yi su a gabansa. Na farko, a cire kan batir, a kama waya a wurare daban-daban, kusa da injin da ƙarƙashin dashbod da cikin but, a lanƙwasa ta a yatsa. Idan ta lanƙwasu ta dawo, da sauranta. Idan ta tsage ko ta yi gari, ta gama. Na biyu, a feɗe rigar waya ɗan nesa da bakinta. Idan zaren yana ƙyalli, cutar a baki take. Idan baƙi ko kore ya bi shi can ciki, yanke baki ba zai wadatar ba. Na uku, a warware naɗin damin a wuri biyu ko uku a duba ko akwai inda wayoyi suka narke suka manne da juna, domin wayar da ta taɓa ƙonewa takan raunata maƙwabtanta a inda ido ba ya gani. Na huɗu, a mayar da batir, a tayar da injin, a kunna fitila, a auna da mita tsakanin kan batir da bakin ƙwan. Idan asarar ta wuce rabin bolt, akwai inda hanya ta ƙuntata, sai a bi ta gaɓa-gaɓa har a gano wurin.

Idan roba na da laushi, zare na ƙyalli, ba a ga narkewa ba, faci kuma bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, to a gyara, zare wayarin a nan almubazzaranci ne. Idan ɓarnar ta tsaya a ɗakin injin, kamar yadda ta fi yi, a sake wannan sashe kaɗai a bar na cikin mota. Amma idan roba tana farfashewa a ko'ina, ko an ga alamar tsohuwar gobara, ko faci ya yi yawan da taswira ba ta ƙara yin daidai da abin da ke cikin motar, to a daina yaudarar kai, a sake duka. Akwai ma motocin da hukuncinsu ya fi sauƙi. Wasu Marsandin da aka ƙera daga farkon shekarun 1990 zuwa tsakiyarsu, har da wasu daga cikin waɗanda muke kira bi-but, an yi wa wayoyin injinsu riga da robar da aka tsara ta ruɓe bayan an yar da mota, sai ta riƙa ruɓewa tun motar na kan hanya. Irin wannan dami ba ya karɓar faci, domin duk inda aka taɓa zubewa yake yi.

Wanda ya yanke shawarar sakewa kuma, akwai sharuɗɗan da idan bai cika su ba gara ya bar tsohon, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. A nemo taswirar wayarin ta ainihin samfurin motar kafin a taɓa komai. A ɗauki hoton kowace mahaɗa, a rataya wa kowace waya takarda. A zare tsohon damin ɗungurungum ba tare da an daddatse shi ba, a shimfiɗa shi a kan allo ya zama ma'aunin sabon, sannan a adana shi. A sayi wayar jan ƙarfe zalla, wadda aka yi domin mota, mai kaurin asali ko fiye, a kankare bakinta a gani: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyam ce. Wayar gida mai zare ɗaya ba ta da wuri a mota, girgiza za ta karya ta. A matse bakuna da abin matsewa ko a yi musu dalma, a daina murɗawa da hannu. Duk ramin da waya za ta ratsa ƙarfe a sa masa zoben roba. A mayar da kowane fiyus bisa ƙarfin da aka rubuta masa, a sa wa manyan fitilu rile domin a sauke wa tsohon makunni nauyi. A ƙarshe a bi launuka da lambobin asali, abin da aka ƙara kuma a rubuta shi a ajiye tare da takardun mota.

Sai batun mai aikin, kuma a nan mu 'yan boko muna da namu kason. Mutum zai biya kuɗin fenti da sabbin kujeru ba tare da ya yi ciniki ba, domin su ido ke gani, amma idan aka zo kan wayarin sai ya tsaya yana taya aikin mako guda da kuɗin yini. Mai wayarin da aka matse haka ba shi da zaɓi sai ya yi faci, araha kuwa ba ta ado. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a suna da basira da kaifin ido, abin da suka rasa shi ne karatun taswira, domin littattafan gyaran da Turanci ko Faransanci aka rubuta su, su kuwa a bakin maigida suka koyi aiki. Wannan giɓi ne da ya shafi irina kai tsaye. Harshen da ya iya mayar da Peugeot ta zama Fijo, ya raɗa wa ƙaramar motar ɗaukar kaya suna a-kori-kura, ba zai gaza samar da kalmomin koyar da lantarkin mota ba. Ina kira ga sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'inmu, da kwalejojin fasaha, da Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa mai hedikwata a Kaduna, su haɗa kai da ƙungiyoyin makanikai a fitar da ɗan littafi da Hausa mai bayanin fiyus da kaurin waya da karatun taswira. Amfaninsa ba zai tsaya a kan motocin marmari ba, zai kai ga tsofaffin motocin haya da ke jigilar talakawa zuwa kasuwannin ƙauye kullum.

Kafin a kai ga wannan, ga abin da kowane mai tsohuwar mota zai iya yi tun yau. Ya buɗe akwatin fiyus ya ga abin da ke ciki. Ya ajiye tukunyar kashe gobara mai aiki a inda hannu zai kai, ba don tsoron jami'an kiyaye haɗurra kawai ba. Idan motar za ta kwana biyu ba a hau ba, ya cire kan batir, musamman in a cikin gida take kwana kusa da ɗakunan iyali. Idan kuwa ya ji ƙaurin roba yana tuƙi, ya tsaya nan take ya kashe injin, kada ya ce bari in ƙarasa gida. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma motar da ta yi wa uba hidima shekara 30 ta cancanci ɗa ya duba abin da ke ƙarƙashin fentinta kafin ya ɗora 'ya'yansa a kujerar baya. Allah ya kiyaye hanya.